Jirgin Roba a Teburin Masu Jinya: Nazarin Aikin Models for Heroes a Birtaniya

Tsakanin 2001 da 2021 Birtaniya ta rasa sojoji 457 a Afghanistan, a yaƙin Iraƙi kuma 179. Waɗannan alƙaluman su aka fi ji a labarai, amma waɗanda suka komo gida da rai, ba kuma yadda suka tafi ba, sun ninka haka nesa ba kusa ba. A lardin Helmand na Afghanistan nakiyar da ake binnewa a hanya ce ta fi yi musu ɓarna. Saurin kwaso masu rauni da jirgi mai saukar ungulu na Chinook zuwa asibitin sansanin Bastion, daga can a wuce da su Birmingham, ya sa mutanen da a yaƙe-yaƙen baya ba za su kai labari ba suka rayu: wani babu ƙafa, wani babu yatsu, wani ƙwaƙwalwa ta bugu. Ga kuma raunin da ido ba ya gani. Binciken da masana na King's College London suka fitar a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 6 cikin 100 na sojoji da tsofaffin sojojin da aka bincika suna da alamun ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. A cikin waɗanda suka bar aiki bayan sun yi gaba da gaba da abokan gaba kuwa, adadin ya kai kashi 17.

Asibiti yana ɗinke rauni, ya haɗa ƙafar roba, ya rubuta magani. Abin da ba ya iya yi shi ne cika wa mutum yininsa. Soja ya saba da rayuwar da aka tsara masa tun asuba, ya saba da abokan da ke dogara da shi. Rana ɗaya sai a sallame shi saboda rashin lafiya, ya tsinci kansa a ɗaki, barci ba ya zuwa, fita cikin jama'a ta zama abin tsoro, tunani ɗaya yana ta kai-kawo a kai. Da yawa daga nan suke faɗawa shan barasa. Wannan giɓin ne wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta zaɓi ta shiga da kayan aikin da, a kallon farko, za a ce na wasan yara ne.

Ƙungiyar da tsarinta

An kafa Models for Heroes a 2017, kuma Malcolm Childs, wanda shi kansa mai sha'awar haɗa ƙananan samfura ne, wato 'yan ƙananan kwaikwayon jirage da motoci na roba, shi ya assasa ta. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ƙungiyar tana tara kwalayen haɗi na jiragen sama, tankokin yaƙi, motoci da jiragen ruwa, tare da fenti, gam, buroshi da sauran kayan aiki, ta ba wa sojoji masu jinya, tsofaffin sojoji da ma'aikatan agajin gaggawa kyauta. 'Yan sa-kai waɗanda suka daɗe a harkar su ke zuwa su zauna da su. Daga cikin wuraren da aka yi irin wannan zama akwai Tedworth House da ke Wiltshire, cibiyar murmurewa da gidauniyar Help for Heroes ta gudanar. Kaya da yawa daga hannun masu sha'awar harkar suke fitowa, domin sananne ne cewa kusan kowane mai haɗa samfura yana da tarin kwalaye a gida da ya san har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai gama haɗa su ba.

Ba haka kawai wannan dabara ta samu karɓuwa a Birtaniya ba. Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ɗan asalin Hungary ya kafa a 1939, ya fitar da samfurin jirgin ruwan Golden Hind a 1952, ana sayar da shi sule biyu a kantunan Woolworths cikin 'yar leda. A 1953 ya biyo baya da jirgin yaƙin Spitfire. Daga nan zuwa shekarun 1970 da wuya a samu yaro namiji a ƙasar da bai taɓa ɓata yatsunsa da gam ba. Saboda haka idan aka ajiye wa tsohon soja kwali a gabansa, ba baƙon abu aka ba shi ba. An mayar da shi ne ga wani abu da ya taɓa yi a teburin cin abincin gidansu tun kafin ya san yaƙi.

Abin da ke cikin kwalin

Sai an ga aikin a kusa ake gane dalilin da ya sa yake kama hankali. Mu ɗauki Spitfire a ma'aunin 1:72, wato kowace santimita ɗaya a samfurin tana wakiltar santimita 72 a jirgin gaske. Faɗin fuka-fukan jirgin gaske mita 11.23 ne, don haka na samfurin bai kai santimita 16 ba, yana zama daram a tafin hannu. Idan aka buɗe kwali za a tarar da sassan jirgin a manne jikin wasu rassan roba masu launin toka, kowane sashe da lambarsa, ga takardar bayani mai zane mataki-mataki, ga takardar tambura.

Da mazaunin matuƙi ake farawa, don da zarar an rufe gangar jikin jirgin hannu ba zai ƙara kaiwa ciki ba. A yanko kujera da 'yar filaya mai kaifi, kujerar da ba ta fi ƙwayar wake ba, a goge wurin yankan da sanfefa mai laushi, a shafa mata fenti kore-kore irin na cikin jiragen Birtaniya na lokacin. Sandar tuƙi kuwa siririya ce ƙwarai, sai da hantsaki ake ɗaukarta, kuma idan ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, nemanta aiki ne. Sannan a haɗa ɓari biyu na gangar jikin ba tare da gam ba tukuna, a ga ko sun zauna. Gam ɗin da ake amfani da shi ba irin na manna takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su cuɗanya su daskare su zama abu guda. Mai ruwa-ruwan cikinsa, irin na kamfanin Tamiya, da ɗan buroshi ake ɗosana shi a bakin haɗin, sai ka ga ya bi layin da kansa ya shige. A matse da tef ko robar ɗaure kuɗi, a ajiye ya bushe.

Tambura su ne ƙarshe, kuma su suka fi buƙatar natsuwa. A yanko tambarin sojan saman Birtaniya mai da'ira shuɗi da ja, a tsoma a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a jira ya saki takardarsa, a zame shi da bakin buroshi zuwa kan fiffike, a gyara masa zama kafin ya kama, a tsotse ruwan da auduga. Wanda ke wannan aikin ba shi da sarari a ransa na wani tunani. Numfashinsa ma da kansa yake sassautawa, don hannun mai haki ba ya iya ɗora tambari daidai.

Me ya sa yake taimakawa

Tunanin yi wa raunin zuciya magani da aikin hannu ya girmi wannan ƙungiya da shekara ɗari. A 1917, a asibitin yaƙi na Craiglockhart da ke Edinburgh, Dokta Arthur Brock ya riƙa tura hafsoshin da yaƙin duniya na farko ya gigita su yi aikin gona ko su koyar a makarantun unguwa, bisa imaninsa cewa mutum yana komowa hayyacinsa ne ta hanyar yin wani abu mai amfani. A yau ma masu kula da ciwon damuwa suna da hanyar magani da ta ginu kan wannan: kada a jira sai zuciya ta yi daɗi kafin a motsa, a fara da ƙaramin aiki mai ma'ana, daɗin ya biyo baya.

A ganina abin da ya bambanta haɗa samfuri da sauran ayyukan hannu, ga mara lafiya musamman, shi ne yadda aikin ya zo a yanyanke. Wani ya riga ya raba shi gida-gida, ya sa wa kowane mataki lamba. Mai ciwon da ba ya warkewa, ko mai gajiyar da ke zuwa ba sallama, babbar matsalarsa ita ce bai san jikin da zai tashi da shi gobe ba. Ranar da ya ji dama-dama sai ya yi aikin kwana uku, ya kwanta mako guda yana biyan bashi. Masu kula da ciwo mai daɗewa suna koya wa marasa lafiya su auna ƙarfinsu, su tsaya tun kafin ciwon ya tsayar da su. Kwalin jirgi yana koyar da wannan ba tare da lacca ba. Yau a manna farfela kawai, minti goma, a rufe kwali. Jirgin ba zai lalace ba don an bar shi wata guda. Fenti ma da kansa yake tilasta hutu, tunda mai mai yana son sa'o'i kafin a ƙara wani shafi a kansa.

Kuskure kuma yana gyaruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya fito daga aikin da kuskuren taku ɗaya ke cin rai ko ƙafa. Giɓi a bakin haɗi ana cike shi a goge. Fentin da ya zubo ana kankare shi a sake. Idan abu ya ƙi gaba ɗaya, asarar kwali ɗaya ce.

Sai kuma zaman kansa. Maza da yawa, ballantana sojoji, ba sa son a zaunar da su ido cikin ido a ce su faɗi abin da ke damunsu. A teburin haɗi kowa idonsa na kan aikinsa. Hira takan fara daga wane kore ne ya dace da fiffike, ta gangara zuwa inda aka yi aiki, wani lokaci ta kai ga abin da mutum bai taɓa gaya wa matarsa ba. Wanda bai son magana kuma ba mai matsa masa, ya zo ya yi shiru ya haɗa jirginsa ya tafi, kuma ya fita daga gida ke nan a ranar. Ɗan sa-kai ba likita ba ne, ba ya tambayar tarihin ciwo. A teburin, mutumin da ya shekara ana kiransa majinyaci ya koma wanda ake tambaya yadda ya yi gilashin matuƙinsa ya fito fes haka. Ni dai ina ganin wannan sauyin matsayi ya kai duk sauran amfanin nauyi.

Daidaita aikin da jikin da ake da shi

Ba kowa ke iya ɗaukar sandar tuƙi da hantsaki ba, kuma a nan ne gwanintar ɗan sa-kai take. Ga mai rawar hannu, ko daga raunin ƙwaƙwalwa ta zo ko daga magungunan da yake sha, abu na farko shi ne a bar ma'aunin 1:72. Spitfire a 1:48 faɗinsa ya haura santimita 23, a 1:24 kuma ya kusa 47, sassan suna da girman da yatsu za su kama. Sai a koya masa ya kafa gwiwar hannu biyu a tebur, ya jingina gindin tafin hannu ɗaya da ɗaya, ta yadda idan hannun zai yi rawa, aikin da buroshin su yi tare. Layin fenti madaidaici kuwa ba sai da hannu mai ƙarfi ba. A manna tef inda ba a son fenti ya taɓa, a shafa yadda aka iya, a ɓare tef, layin ya fito a miƙe.

Mai hannu ɗaya yana buƙatar abin da zai tsaya masa a matsayin na biyu: maƙalar da ake ɗaurewa a bakin tebur, ko ɗan curin danƙo da ake dasa ƙaramin sashe a kai yayin fenti, da shimfiɗar roba da ke hana kaya zamewa. Mai amosanin gaɓɓai da ba ya iya damƙe siririn buroshi, sai a naɗa wa mariƙin tef ko soso ya yi kauri. Mai raunin gani yana samun sauƙi da gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a goshi da fitila mai farin haske a kusa. Mai ciwon baya ko wuya, a ɗaga masa aikin zuwa daidai ƙirji don kada ya yini a sunkuye, a sa agogo ya tuna masa ya miƙe. Ga wanda ko waɗannan sun yi masa yawa, Airfix yana da jerin da ake kira Quickbuild, sassan suna shiga juna da dannawa kawai, babu gam babu fenti. Wasu tsofaffin hannu a harkar suna raina irin wannan, kuma ban yarda da su ba. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, ya haɗa jirgi da hannun da ya rage masa, ya yi aikin da ya fi na mai lafiya wuya.

Inda hatsarin yake

Harkar tana da nata illar, kuma mara lafiya ya fi kowa shiga cikinta. Gam da tina da fenti mai mai duk suna fitar da tururin sinadarai dangin waɗanda ke cikin sholisho. A rufaffen ɗaki suna kawo ciwon kai da jiri, ga mai asma kuma suna iya tayar da ciwon. Sufa gulu, wanda ake manna sassan ƙarfe da shi, tururinsa yana cin ido da hanci, kuma an san yana haddasa asma ga wasu da suka daɗe suna shaƙarsa. Feshin fenti da ƙaramar bindigar iska yana watsa ƙwayoyin da ke shiga can cikin huhu, kuma takunkumin takarda ba ya tare tururin sinadari, sai mai matatar gawayi. Akwai wasu sassa na musamman da ake zubawa da wani irin ƙaro, waɗanda ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu, shi ya sa ake goge su a jiƙe. Mafita mafi sauƙi ga mai jinya ita ce fentin da ake sirkawa da ruwa, buroshi a maimakon feshi, da taga a buɗe.

Wuƙar aikin tana da kaifin aska. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ƙaramin yanka yana iya zame masa matsala. Mai ciwon suga da yatsunsa suka daina ji yana iya yankewa bai sani ba. Akwai kuma maganar da ba a son yi amma dole a yi ta: a cikin waɗanda ke zuwa irin wannan zama akwai masu fama da tunanin cutar da kansu. Wane ne za a ba wuƙa, wane ne za a ce ya tsaya a kan filaya da sanfefa, wannan ba hukuncin ɗan sa-kai ba ne shi kaɗai, sai da sanin masu kula da lafiyar mutumin.

Abin da ake haɗawa ma yana da nauyi. Ga wani, samfurin Chinook girmamawa ce ga jirgin da ya kwaso shi daga filin daga. Ga na kusa da shi, ganin siffar jirgin kawai ya isa ya mayar da shi ranar da yake ƙoƙarin mantawa. Shi ya sa barin mutum ya zaɓi kwalinsa da kansa yake da muhimmanci, kuma shi ya sa ake ajiye motoci da jiragen fasinja da na tatsuniyoyin sararin samaniya a kan tebur tare da na yaƙi.

Iyakar abin

Haɗa jirgi ba ya warkar da PTSD. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, a jagorarta ta 2018 ta ba da shawarar magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre wadda ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye, da kuma hanyar da ake kira EMDR mai amfani da motsin ido, ga wanda ciwonsa ba daga fagen yaƙi ya samo asali ba. Waɗannan suna da wuya, suna tono abin da ke ciwo. Akwai yiwuwar mutum ya mayar da teburinsa maɓoya, ya yini a ɗaki shi kaɗai da kwalaye, ya guje wa likita da iyali, yana ganin ai ya samu lafiya. Gujewa kuwa ɗaya ce daga cikin alamun ciwon kansa. Wurin da wannan aiki ya dace shi ne gefen magani: ya riƙe mutum a watannin jiran layi, ya ba shi abin yi a daren da barci ya ƙi, ya kwantar masa da hankali bayan zama mai zafi da likita. Hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta buɗe wa irin wannan ƙofa a shirinta na 2019, inda likita zai iya tura mara lafiya ga jami'in da zai haɗa shi da ƙungiyoyin unguwa, na lambu ko na waƙa ko na aikin hannu.

Annobar korona ta gwada tsarin a 2020. Cibiyoyi sun rufe, zaman tebur ya tsaya, aka koma aika kwalaye gidaje da haɗuwa ta bidiyo. Hakan ya kai ga mutanen da ko da can ba sa iya fita. Amma ta allo ba a iya riƙe wa mutum fiffike ya ɗosana gam, kuma dalilin saka takalmi a bar gida ya tafi.

Ko akwai abin ɗauka a nan gida

Nijeriya ma tana da nata sojojin da suka dawo daga Arewa maso Gabas da sauran fagagen fama da raunukan nakiya da na zuciya. A 2023 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga wasannin Invictus na sojoji masu rauni a Düsseldorf, kuma a watan Mayun 2024 Yarima Harry na Birtaniya, wanda ya assasa wasannin, ya ziyarci masu jinya a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Wasanni suna da kyau, sai dai ba kowane mai rauni ne zai iya ɗaga ƙarfe ko buga ƙwallo a keken guragu ba. Wanda ke kwance watanni yana jiran ƙashi ya haɗe yana buƙatar abin da zai yi a kan faranti a bisa cinyarsa.

Kwalin Airfix ko Tamiya daga waje yake zuwa, da kuɗin waje ake sayensa, don haka kwafo tsarin Birtaniya yadda yake zai yi tsada. Sai dai hannun ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaran da suka tashi suna fere karan dawa suna ƙera mota da jirgi, ko suna yanka gwangwani da kwali, su ne sojojin yau. Akwai zanen jirage na takarda mai kauri da ake bugawa da firinta, a yanka da almakashi, a naɗe, a manna da farin gam na kafintoci wanda ba shi da tururi mai cutarwa. Wanda ya samu kwalin roba kuma ya sani cewa yanayinmu yana sauya aikin. A zafin bazara fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi, sai an riƙa sirka shi kaɗan-kaɗan, a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar. A lokacin hunturu kuma ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti cikin minti kaɗan, don haka da an gama shafi sai a kife wa jirgin roba mai tsabta har ya bushe.